Ruwan da Hajiya Rabi ta hana mijinta

Har yau ranar nan ba ta fita raina ba, ranar da likitar sashenmu ta kira ni ta ce in bar abin da nake yi, in zo in tambayi wani majinyaci da Hausa. Lokacin ina anfirme, wato ma'aikacin jinya, a sashen dashen gaɓoɓi na wani asibiti a Lyon. Cikin watan Nuwamba ne, sanyi ya fara shiga.

Ku da kuka zo aikin nan kwanan nan, bari in fara da bayanin ruwa. Pankireyas wata gaɓa ce a bayan tumbi, ita ke daidaita sukarin jiki. Idan aka dasa wa mutum ita, yawanci tare da ƙoda, jini a hankali yake bi ta cikinta. Ruwa ya yi ƙaranci a jiki, jinin ya yi kauri ya daskare a jijiyarta, an yi asarar ta ke nan. Ruwa ya yi yawa kuma, ta kumbura. Shi ya sa tun a ɗakin tiyata mai sa barci yake auna abin da ke shiga da abin da ke fita. Bayan aiki, duk fitsarin da sabuwar ƙoda ta fitar sai mu mayar da kwatankwacinsa ta jijiya. In mutum ya fara ci sai a rage ƙarin ruwan, a ce ya sha da bakinsa, ya sha da yawa.

Majinyacin Malam Sanusi ne, mutumin Tasawa, ma'aikacin wata masana'anta a Saint-Fons, kusa da Lyon. Ciwon sukari ya kama shi tun yana yaro, daga baya ya cinye masa ƙoda, ya yi shekaru ana yi masa wankin jini. An yi masa dashen ƙoda da pankireyas, Allah ya ba da sa'a, har an daina yi masa allurar sukari. Amma da aka cire ƙarin ruwa sai nauyinsa ya riƙa raguwa, tansiyo, wato ƙarfin bugun jini, ya sauka, harshe ya bushe. Kwalaben ruwan da ake ajiye masa kuwa kullum wayam ake kwashe su.

Likitar ta ce mini, "Issoufou, in haka ta ci gaba za mu rasa pankireyas ɗin nan. Ni ya ce mini yana sha. Je ka ji."

Na yi sallama. Matarsa Hajiya Rabi na zaune kan darduma, ta idar da azahar. Muka gaisa, aka tambayi gida da sanyi da mutanen Damagaram, don ta ji a bakina daga can nake. Daɗin gaisuwar har ya so ya mantar da ni abin da ya kawo ni. Sai ta tura mini butarta ta ce, "Malam, in ba ka yi salla ba ga ruwa, mai kyau ne, na kwalba."

Na dubi butar, na dubi kwalbar da ke kan teburi ba ko ɗigo.

Na ce, "Hajiya, ruwan Malam ne wannan?"

Ta ce, "Shi ne. Yaran nan ba su san ciwonshi ba, sai su ta jibge mai ruwa. Ni kuwa ba ni gardama da ma'aikata. In sun fita in ba shi ya jiƙa maƙoshi, sauran in juye."

A nan ta ba ni labari. Wata shekara a wajen suna a unguwar Guillotière, nan Lyon, ya sha abin sha fiye da ƙima, ruwa ya cika masa huhu, aka ɗauke shi ranga-ranga. Likitan wankin jini ya ce mata ransa na hannunta, ta tsare masa ruwa. Tun ranar ita ke auna masa da ɗan ƙaramin kofi. Ita ma ba ta ƙara shan ruwa a gabansa ba.

Na juya wajensa. "Malam, kai ka ji Faransanci, an yi maka bayani."

Ya ce, "Na ji. Amma da wane baki zan ce mata aikinta ya ƙare? Kuma ni kaina tsoro nike."

Na sanar da likita. Aka mayar da ƙarin ruwa nan take, aka tura shi hoto. Muka zauna jira, Hajiya na jan carbi. Da sakamako ya fito, jini na gudana a gaɓar, da sauran rabo.

Likitar ta zo da kanta ta zauna, tana faɗa ina mayarwa da Hausa. Ta ce wa Hajiya ba a sallame ta ba, tsaron ne ya juya: yanzu aikinta ta ga ya sha. Hajiya ba ta karanta boko, sai na manna filasta a kan kwalabe na rubuta da ajami: hantsi, azahar, la'asar, magariba.

Ta ɗauko babban kofi ta cika. Ta ce, "Duka?"

Na ce, "Duka, Hajiya."

Ya yi bismilla ya kafa kai. Da ya sauke ya ce, "Rabona da in sha ruwa har in ji shi a ciki tun randar gidanmu, inna na raye." Ya miƙa mata kofin. "Zuba ki sha ke ma, ina kallo."

Ni na fita, don ni ma randar gidanmu ce ta faɗo mini, da wadda ke cika ta, da shekarun da na yi ban je na gan ta ba.

An sallame shi da gaɓarsa lafiya. Abin da nake so ku riƙe shi ne, mu mun iya auna ruwan da ke bi ta jijiya, amma wanda ke bi ta baki yana hannun wani. Kowane majinyaci akwai mai tsaron sa tun kafin ya zo gare mu. Ku nemo wannan mutumin, ku zauna, ku gaya masa cikin harshen da yake ji cewa doka ta sake. Ranar nan da na tashi aiki ban jira na isa gida ba, a bakin titi na tsaya na buga wa tsohuwata waya.