Baban Mai Tumatir

Asabar ce, ranar da iyaye ke zuwa wata makaranta ta gefen unguwar Bronx, can ƙasar waje, inda ake koya wa yara shuka da sanin itatuwa a filin Allah. Zuweira mai dafa wa makarantar abinci tana raba shinkafa, amma idonta na kan wani mutum da ke zaune kan kututture a inuwa. Ba ta san shi ba. Dogo ne mai furfura a gemu, idanunsa jajur, makullin mota har yanzu na hannunsa. A ranta ta ce wannan direban tasi ne, daga aiki ya wuto bai runtsa ba.

'Yarsa na tsaye gabansa riƙe da gwangwanin da tumatirinta ya tsiro, tana ta zuba bayani da Turanci. Shi kuwa yana gyaɗa kai, kan na ƙara yin ƙasa.

Yarinyar ta tsaya tana kallonsa. Can ta ce da gurguwar Hausarta, "Baba, ka gaji? Mu tafi gida."

Firgigit ya farka. Ya miƙe da ƙyar, ya fita daga inuwar, ya tsaya cikin rana inda barci ba zai sake sace shi ba.

"Ina za mu, uwata? Faro mini daga farko."