Malam Sale Mai Walda da Motar Masu Naƙuda

Malam Sale mai walda ya rasu. Da safen nan 'yarsa ta kira ni, ko kunu ban kai baki ba. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Jikata ce ke rubuta min wannan, ni hannuna rawa yake.

Na san shi a shekarar da za a ba mu mulkin kai, ina sabuwar unguwarzoma a nan Bauchi. Aka ba mu wata tsohuwar motar kaya mai rufaffen baya, aka ce a mayar da ita ta ɗauko masu naƙuda daga su Miri da Zungur. Shi aka kai wa ya liƙa gado da benci a ciki.

Ni kuwa burina ɗaya: a gama kafin ranar biki, a jera motarmu a fili, ina ciki da farar riga.

Kwana uku ina zarya ban ga ya kunna wuta ba. Ya cire kan batir, ya ɓalle katakon ciki, yana zare wayoyin da suka bi jikin motar zuwa fitilun baya, yana ɗaura wa kowace zare mai launi don kada ya manta mazauninta.

Na ce, "Malam, walda aka kawo maka ko saƙa?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Malama, zafi tafiya yake a cikin ƙarfe. In robar waya ta narke, ba yau za ta nuna ba. Sai kin yi nisa da gari da mace a kwance."

Na ce masa ragwanci ne kawai. Da bakina na faɗa, a gaban mutane.

Akwai waya ɗaya da ta ƙi zaruwa, daidai inda ƙafar gado za ta zauna. Ya naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, ya miƙo min buta. "Tunda sauri kike, riƙe. Ki dinga zubawa."

Ya ɗiga walda kaɗan, ya jira ƙarfe ya huce, ya sake ɗigawa. Sai hankalina ya tafi kan 'yan makaranta da ke wucewa suna koyon fareti. Buhu ya bushe, ya fara hayaƙi. Kafin in farga ya ajiye wuta ya damƙe wurin da tafin hannu.

Wayar ta tsira. Hannun ya saɓule.

Ni na wanke masa na ɗaure. Ko kallon banza bai yi min ba.

Motar ba ta shiga biki ba, sai bayan sati aka gama. Kuma don ƙuruciya ni ce na yi fushi, wata guda ba na gaishe shi.

Da muka karɓe ta, na tarar ya liƙa matakala ƙasa-ƙasa a ƙofar baya, ba wanda ya sa shi. Wai mai ciki ba ta iya ɗaga ƙafa. Mun sha faci da motar nan, mun sha kafewa a laka, amma ban taɓa jin ƙaurin waya a cikinta ba.

Da na yi aure, shi ya ƙera min murhu. Da maigidana ya rasu, shi ya fara zuwa ya zauna a ƙofar gida.

Bayan babbar sallar da ta wuce na je gaishe shi. Ido ya tafi, amma ina yin sallama ya ce, "Malama ce?" Na zauna, na ce ya yafe min maganar da na faɗa masa tuntuni.

Sai ya ce, "Ai ba ki sani ba ne. Matata ta fari, Hanne, a gadon kara muka ɗauko ta daga Zungur, naƙuda ta zo da gardama. Ba mu iso gari da ita ba. Damina ɗaya tsakani aka kawo min motarku."

Shekara sittin da wani abu muna gaisawa, sai ranar na ji sunanta.

Allah Ka jiƙan Malam Sale, Ka sanyaya masa makwanci, Ka sada shi da Hanne da abin da ke cikinta a Aljanna.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa su a addu'a. Wasunku ma a motar nan aka kawo iyayenku mata.