Turbon Da Na Ɗaura Da Hannuna

Motar Yaya ce, ni nake riƙe da ita. Tsohuwar akori-kura ce mai gida biyu, mai shan gas, da ita muke ɗauko gero daga gonarmu ta Buji, da ita kuma ake kai Hajiya, mahaifiyarmu, duk inda za ta. A shekarar da nake magana sai ta fara kasa hawa ko ɗan tudu, tana wani fito siriri, salansa na fitar da hayaƙi shuɗi.

Na kai ta wurin makanikinmu. Dattijo ne Kirista, mutumin Filato, ya zo Dutse tun farkon kafa jiha, kuma shi yake duba motar mahaifinmu har Allah ya yi masa rasuwa. Baba muke ce masa. Ya kasa kunne jikin inji ya ce turbo ne, wato abin nan mai farfela da ke cusa wa inji iska.

"Amma ɗana, ɗaura sabo ba shi ne aikin ba," in ji shi. "Sai mun ga abin da ya kashe wannan. Akwai siririn bututu da ke kai masa baƙin mai, ina zargin ya toshe. Ka bar mini ita kwana uku."

Na tambayi kuɗin aiki, ya faɗa. Bai tsawwala ba, na san haka ko a lokacin. Abin da ya hana ni bar masa motar ba rashi ba ne. Na kwashe mako guda ina kallon bidiyo a waya, wani bature yana kwance turbo ya ɗaura cikin minti ashirin, hannunsa ko baƙi bai yi ba. Ni ma'aikacin ofis ne, shekara da shekaru ina tura fayil daga wannan tebur zuwa wancan, kuma raina yana son in yi wani abu da zan nuna in ce ni na yi. Sai na raya wa kaina cewa maganar bututu jan aiki ne kawai irin na masu sana'a.

Na sa aka sayo mini turbo na hannu daga Kano. Ranar Asabar na shigar da motar gidan wani abokina a Limawa, don kada a gida a gan ni a yi mini dariya. Har sifana biyu na aro daga garejin Baba, na ce masa famfon gida zan gyara. Na wuni a kai. Na ga bututun, na taɓa shi, notinsa ya ƙi kwancuwa, na bar shi. Da la'asar motar ta tashi, fiton ya ɗauke. Na zagaya gari da ita ina jin kaina. Da Yaya ya tambaya na ce, "An gyara." Bai tambayi wa ya gyara ba, don a gidanmu mutum ɗaya ke gyara mota.

Bayan kwana takwas, ranar Lahadi da safe, aka bugo waya daga Aujara cewa ƙanin Hajiya ya rasu, za a yi jana'iza ƙarfe goma sha ɗaya. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Hajiya ta ce a roƙe su kada a rufe fuskarsa sai ta zo. Muka fita da lokaci a hannunmu, ni ina tuƙi, Yaya a gefena, ita a baya.

Mun wuce Kiyawa kaɗan na ji wata ƙara kamar ana goga cokali a tukunya. Ƙarfin motar ya zube, hayaƙi ya turnuƙe bayanmu, na gangara gefen titi. Duk motar hayar da muka tsayar a cike take. Yaya ya kira Baba. Kafin ya iso, waya ta sake shigowa: sun jira iyakar jira, rana ta yi, an sallace shi. Hajiya ta ja mayafinta ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa.

Baba ya iso a kan babur da kayansa na coci, farar riga mai guga, jakar sifanu ɗaure a baya. Ya gaida Hajiya, ya buɗe bonet. Bai yi minti ɗaya ba ya ɗago ya dube ni. Kafin ya yi magana Yaya ya taso masa.

"Baba, wannan wane irin aiki ne? Kwana takwas da gyara. Ka ga tsohuwa a bakin titi, an binne ɗan'uwanta ba ta gan shi ba. Shekara nawa muna kawo maka mota?"

Mutanen da suka tsaya taimako suna ji. Ina tsaye, tsakanina da Yaya bai fi taku biyu ba. Magana ɗaya ce zan yi, na buɗe baki, sai na hango Hajiya ta gilashi, na mayar da shi na rufe. Baba ya sake dubana, ya ɗan jira, sannan ya ce, "A yi haƙuri, Alhaji. Allah ya jiƙansa."

Shi ya tare wata mota da ya san direbanta, ya roƙa aka matsa wa Hajiya da Yaya wuri. Muka rage ni da shi a gindin wata tsamiya muna jiran motar da za ta ja mu. Ya cire farar rigarsa ya ninke ya ɗora kan babur.

"Baba," na ce, "ni ne."

"Na gani tun da na buɗe. Ba ka taɓa bututun ba ko?"

"Ya ƙi kwancuwa."

"Da ka kira ni, da na faɗa maka yadda ake yi masa. Ko a waya." Sannan ya ce, "Kada ka faɗa musu yau. Yau ba ranar wannan magana ba ce."

Yau ya ce. Ni na mayar da ita wata bakwai. A cikin watannin nan Yaya ya ɗauke ƙaramar motarsa daga garejin, ya kuma ba da labarin a ofishinsu da majalisarsu, mutane da dama suka bi shi. Ina wucewa ta bakin garejin in ga filin da a da babu wurin ajiye mota, yanzu biyu ko uku ne a ciki. Baba ya gyara akori-kurar sarai, ya nuna mini bututun, cike da daskararren mai kamar kwalta. Bai taɓa tambayata ko na faɗa ba.

Na faɗa wa Yaya wata Juma'a muna dawowa daga masallaci. Ya tsaya a tsakiyar hanya ya daɗe yana kallona. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ka bar ni na ci mutuncin sa'an mahaifinmu a gaban jama'a." Washegari muka je tare. Mun sami Baba a ƙarƙashin wata mota, ya fito yana goge hannu, Yaya ya durƙusa ya ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce, ya tambayi jikin Hajiya. Yaya ya mayar da motarsa, ya bi mutane yana warware maganar, amma ba duka suka dawo ba.

Hajiya ce har yanzu ban faɗa wa ba. Yaya ya ce in bari, tsufa ya kama ta, kuma ni nake kai ta asibiti. Na karɓi shawarar da sauri, saurin da ni kaina na san ba don ita ba ne. Duk babbar sallah, tun zamanin mahaifinmu, takan ware wa Baba cinya guda daga ragonta. Tun daga waccan shekarar ta daina. Ni nake yanka daga nawa in kai masa, in ce in ji Hajiya. Yakan karɓa da hannu biyu ya ce in yi mata godiya, in ce Allah ya ƙara mata lafiya. Wannan saƙon ma ban taɓa isar da shi ba.