Rijiya Mai Kwaɗo

Munawwara ɗiyar Harouna mai albasa ce, a Madécali, kusa da Malanville, aka haife ta. Ta yi karatun Ingilishi a Parakou, aiki bai samu ba, sai ta komo Malanville ta gaji rumfar ubanta a kasuwa.

Cikin duk abin da ta karanta, gajerun labaran Amurkawan dauri ne suka zauna mata a rai. Ta lura marubutansu ba su cika cewa su suka gani da idonsu ba. Sai su ce wani tsoho ne ya ba su labarin a masauki, shi ma a bakin wani ya ji. Kuma in suka ambaci daji ko kangon gida, akwai abin da suke nufi a ƙasa. Wannan dabara ta ɗauko. In ciniki ya lafa bayan azahar, mata su kewaye ta, ita kuwa ta gyara zama ta fara: "Wani direban Gaya ya ce min, wai kakarshi ta ce..."

Shekarar da Alhaji Rachidi, shugaban 'yan albasa, ya kulle famfon layinsu ya ce mutanensa kaɗai za su ɗiba, sai ta kawo labarin wani attajiri da ya sa wa rijiya kwaɗo, ya rataya makullin a wuya. Kullum makullin ƙara nauyi yake, har mutumin ya koma tafiya a duƙe, ba ya ganin fuskar kowa sai ƙafafu.

Labari ya zaga har tashar 'yan kabu-kabu. Alhaji ya tako da kansa.

"Ɗiyata, wa kike nuhi da mai rijiya?"

"Baba Alhaji, direban Gaya ne ya hwaɗa min."

"To, kawo min shi in gan shi."

Munawwara ta ajiye albasar da ke hannunta, ta dube shi. "Babu shi, Baba. Ni na ƙaga shi, har da kakar tashi. Labarin nawa ne, kuma gobe ma sai na ba da shi."

Kafin kasuwa ta sake ci an karɓe rumfar. Ta kwashe buhunanta ta koma bakin titin gadar da ake bi zuwa Gaya, ta kafa laima, rana na dukan albasarta. Mata suka bi ta can.

Da damina ta faɗi aka buɗe famfon, ba wanda ya ce don ita ne. Daga baya aka aiko mata cewa in ta je ta ba da haƙuri za a mayar mata da rumfa. Ta ce a gai da Alhaji, inda take ya ishe ta.