Kifin Sarkin Tsatsa

Shekara talatin da ɗaya Sarkin Tsatsa ya yi yana walda a bakin kogi. Abokan sana'a ne suka laƙaba masa sunan, don ba ya ganin ruɓaɓɓen ƙarfe a hanya ya wuce. Sai ya tsuguna ya jujjuya shi, ya ce wannan da sauransa. Rumfarsa tana layin baya, tsakanin mai gyaran injin jirgin ruwa da wata mata mai ɗinkin tamfol. Ƙofofi yake yi, da tagogi, da gadaje. Idonsa na hagu ya raunana saboda hasken wuta, hannayensa kuwa duk tabon tartsatsi ne. Da wannan rumfar ya aurar da 'ya'ya huɗu, da ita ya yi jinyar matarsa har Allah ya karɓi abarsa.

Rana ɗaya aka manna musu takarda: hukuma za ta mai da bakin kogin unguwar fasaha da shaƙatawa, kowa ya tattara nasa ya nasa cikin wata shida. Ana cikin wannan baƙin ciki wani saurayi ya zo da kyamara a wuya, ya ce shi mai fasaha ne. Ya miƙo wata takarda da ya zana kifi a kai, irin zanen 'yan firamare, ya ce yana son a ƙera masa shi da tarkacen da masu rumfuna za su bari.

Wata huɗu Sarkin Tsatsa ya yi a kan kifin nan. Ya yi masa haƙarƙari da sifirin mota, ɓawon jiki da murafen tukwane, idanu da fitilun wata tsohuwar bas. Tsawonsa ya kai na kwale-kwale. Saurayin sau uku ya leƙo, a zuwa na ukun ma a mota ya zauna, wai ƙarar guduma tana sa masa ciwon kai. Aka ɗauke kifi, aka rushe rumfuna, aka watsa masu sana'a can bayan gari inda ko kare ba ya bi. Tsohon ya samu wata kwantena ya raɓa, ya ce shi da bakin kogi har abada.

Shekara uku yana kan bakarsa, sai autarsa, wadda take aikin jinya, ta zo masa wata Asabar da 'yan matanta biyu.

"Baba, yaran nan sun hana ni sakat. Sun ce sai da kai za su bakin kogi."

"Ku je. Ni me na ajiye a can?"

Babbar jikar ta riƙe masa riga. "Haba angona, ko kunyar fita da ni kake ji?"

Abin da ya karya shi ke nan.

Bai gane wurin ba. An shimfiɗa duwatsu masu santsi inda da kwata take, an dasa itatuwa a layi, ga lilo, ga ƙaramin jirgin ƙasa yana zagaye da yara, ga kwale-kwale masu kan agwagwa a ruwa. Ya ƙirga taku daga gada ya gano gurbin rumfarsa: shagon askirim ne. Ya haɗiye wannan. Amma da ya ɗaga kai ya ga bangon da ke sama, sai ransa ya fara tafasa. An zana ƙaton mai walda, tsayin bene biyu, tartsatsi yana tashi, mutane sun yi layi suna ɗaukar hoto a gabansa.

"Kin gani?" ya ce da autar. "Sun kore mu da ranmu, sun zana mu a bango. Na bango ba ya hayaƙi, ba ya neman wurin zama."

"Baba, yi a hankali, ana jin ka."

"To a ji mana! Da bakin wani nake magana?"

A tsakiyar dandalin suka iske kifin. An shafa masa shuɗin fenti, an tsayar da shi a kan jelarsa kamar zai yi tsalle, yara sun ɗafe shi kamar ƙudaje. Duk da fushinsa sai da ya matsa kusa, don ya san kowane ɗigon walda a jikin abin nan. A gindinsa akwai allon tagulla. Jikar ta tsuguna ta karanto masa sunan saurayin nan mai kyamara, sannan ta ci gaba: "Ya ƙera shi da hannunsa cikin wata huɗu, don tunawa da ma'aikatan bakin kogi."

"Da me?"

"Da hannunsa, Kaka."

"Hannun da ko guduma bai taɓa ɗagawa ba? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!"

Ya kai hannu ya shafa haƙarƙarin kifin, ya gangaro zuwa jela, sai ya tsaya cak. Shi a kwance ya ƙera shi, nauyin a kan ciki. Da suka tsayar da shi, sai suka liƙa jelar a kan wani siririn faranti da walda irin ta ɗan koyo. Ruwan sama ya taru a wurin, tsatsa ta ci, fenti ya rufe tsagar.

"Kai! Ku sauka! Ku sauka, na ce!"

Yara suka watse, wata ta fashe da kuka. Uwarta ta taso tana cewa wane irin tsoho ne wannan. Mai gadi ya sheƙo da sandarsa.

"Baba, ba a taɓa kayan fasaha. Matsa baya."

"Yara ashirin a kansa ba ka gani ba, sai hannun wanda ya yi shi? Kira min babbanku."

Manajar wurin ta zo da murmushinta na aiki, ta ce ya kwantar da hankalinsa, injiniya ya duba komai a farkon shekara. Sarkin Tsatsa ya wuce ta. Ya sa kafaɗa ya tura kifin sau ɗaya. Ƙarfen ya yi wani kuka, garin tsatsa ya zubo a kan takalminta, kan kifin ya yi ta rawa a sama. Murmushin ya ɓace. Kafin su bar wurin an zagaye shi da igiya.

Bayan mako biyu wani ɗan kwangila ya yi sallama a bakin kwantenarsa. Ya ce an ba su gyaran kifin, amma ba wanda ya san yadda aka haɗa cikinsa, babu zane, babu komai. Sun kira mai fasahar a ƙasar waje, ya ce a nemi tsohon nan.

"Tsohon nan," in ji Sarkin Tsatsa. "Ko sunana bai riƙe ba. Ka koma ka ce ya zo da hannun nasa."

Sau biyu yana korar mutumin. Autar ce ta zauna da shi ta ce, "Baba, in ba ka je ba wani za su sa ya shafa masa walda sama-sama, su cire igiya. 'Ya'yan wasu ne za su hau."

Ya yi tsaki ya fi a ƙirga, sannan ya ɗauki kayan aikinsa. Ya ce da manajar a gyara allon nan. Ta ce sai kwamiti ya zauna. Bai sake tayar da maganar ba. Kwana tara yana aiki, ya kafa wa kifin ginshiƙi ta ciki, ya ɗaura masa faranti mai kauri a jela. A rana ta ƙarshe ya sa sabuwar sandar walda, ya rubuta SARKIN TSATSA YA YI a kan farantin, harafi kamar tafin hannu.

Kwamitin da ya kasa zama a kan allo, cikin kwana biyu ya zauna a kan wannan. Suka aiko masa da takarda cewa ya ɓata aikin fasaha, suka ce a goge. Ɗan kwangilar ya ce in aka ci farantin nan da injin gurza, shi ba zai sa hannu cewa kifin zai tsaya ba. Sai suka shafe rubutun da shuɗin fenti, haruffan suka ƙara fitowa ɓaro-ɓaro.

Har yau yana kwantenarsa a bayan gari, wani makon ƙofa ɗaya, wani makon babu. Allon tagulla yana nan yadda yake. Da autar ta zo da jikokinsa ta nuna masa hotonsu a gindin kifin a wayarta, ta ce, "To Baba, yanzu dai ka huce ko?"

Ya daɗe yana duban hoton da idonsa mai kyau.

"In huce da me? Layinmu mutum arba'in ne. Ina mai tamfol take yanzu, kin sani?"

Ba ta sani ba. Ya miƙa mata wayarta, ya ja baƙin gilashinsa ya rufe ido, ya ce ta matsa da yaran baya zai kunna wuta.