Tabon da Inna Ta Dafa

Idan ka shigo layinmu ka tambayi gidan Mai Tururi, ba za ka tambaya sau biyu ba. Innata ce. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta ya yi kanta, kuma ba ta iya magana a hankali ba, domin shekara da shekaru tana magana inji na huci a gefenta. Ko gaisuwa take yi sai ka ɗauka faɗa ne.

Injin kuwa ja ne mai tayoyi biyu, da tankin ruwa a cikinsa da doguwar mesa mai faffaɗan baki. A cika shi da ruwa, a jona shi a wuta, a ba shi lokaci ya ɗau zafi, sai ya fara fesa tururi. Mu a gida Jirgi muke ce masa, saboda hucin da yake yi. Da shi Inna take wanke kafet da kujeru da katifu da labule, har da tayil ɗin banɗaki, a gidajen mutanen da suka fi ta komai in ban da taurin kai.

Bayan rasuwar Babanmu ta sayar da keken ɗinkinta ta sayo shi. Ba a yi mako ba baffanninmu suka zo, suka jeru a tsakar gida, suka ce matar ɗan'uwansu ba za ta riƙa durƙuso a falon mutane tana kankare dattinsu ba, abin kunya ne ga dangi. Inna ta saurare su tsaf har suka gama. Sannan ta nuna mu, ni da Yaya, ta ce, "Na ji. To wa zai fara ɗauka a cikinku? Ga su nan, na yi musu wanka." Baffa babba ya shiga neman takalminsa. Tun daga ranar ba wanda ya sake kawo mata maganar kunya.

Aikin nan ta iya shi, ba don uwata ce ba. Ba ta taɓa kunna Jirgi sai ta share kafet tas, domin ta ce tururi a kan ƙura kunu yake damawa. Sai ta gwada a wani lungu bayan kujera ta ga ko launin zai zuba. Ba ta yarda a dirji tabo, sai dai a danna tsumma a ɗaga, a danna a ɗaga. In ta gama ta bubbuɗe tagogi, ko mai gida yana so ko ba ya so, ta ce kafet ɗin da bai sha iska ba fumfuna zai yi. Shayi, tawada, man girki, cingam, jan-baki, fitsarin yara, ba wanda bai bi ta hannunta ba. Akwai wata uwargida da ta rantse mata cewa kyanwa ce ta yi ɓarna a kan kujera. Inna ta sunsuna ta ce, "To, Allah Ya raya kyanwar, na ga har ta fara cin tuwo." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta yi aikinta ta tafi.

Haka take. Duk ƙarfin muryarta, abin da ta gani a gidan mutane a can take barinsa. Mai wanke kafet tana ganin abin da baƙo ba ya gani, abin da aka tura ƙarƙashin gado da wanda aka rufe da tebur. Na sha zungurinta ta ba ni labari, sai ta harare ni ta ce an kira ta wanki ne, ba a kira ta shaida ba.

Mu biyu ta haifa, kuma ba sai an faɗa maka wane ne ɗan gaban goshi ba. Yaya ne. Ni Auta ce a suna kawai. Har gobe abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Yaya bai taɓa son aikin nan ba. Tun muna makaranta in ya hango ta tana jan Jirgi a titi sai ya canza hanya, amma Inna ta ce ƙuruciya ce. Da ya girma ya buɗe shagon kayan mota, ya yi aure, ya kama gida a hawa na sama a wani bene, ita ce ta fi kowa rawar ƙafa. Matarsa kuwa yarinya ce mai sanyin hali, mai yawan murmushi da ƙarancin magana. Amarya muke ce mata, ko da yake auren ya kwana biyu. Inna ba ta kiranta da komai sai "'yata".

Wata safiya ina gida ban je aiki ba, Yaya ya kira. Ina jin muryarsa ta cikin wayar Inna.

"Inna, ki zo da injin nan yanzu-yanzu. Don Allah kar ki tsaya komai."

Gwiwar Inna ta fara ba ta wahala a lokacin, don haka ni na saka Jirgi a bayan motata, ni kuma na hau da shi benen ina haki. Yaya ya buɗe ƙofa tun kafin mu ƙwanƙwasa, ya ja mu ciki ya rufe.

Kafet ɗin falonsa ruwan madara ne, an manne shi da gam daga bango zuwa bango. A gefen teburin gilashi akwai jini, faɗinsa ya kai faranti, da ɗigo-ɗigo da suka nufi ƙofar kicin. An ɗan goga da tawul an bari, abin ya ƙara yaɗuwa.

"Haɓo Amarya ta yi," in ji Yaya, yana duba agogo. "Kin san matan gidan nan da sa ido. Wata ta kira surukina ta ce ta ji ihu, ga shi nan yana hanya, kafin la'asar zai iso. Kin san tsofaffi, in ya ga wannan sai ya ɗauka wani abu ne. Ki taimaka ki fitar da shi kawai."

Inna ba ta kalle shi ba. Ta ce, "Ina take?"

"Tana kwance, Inna, ki bar ta ta huta."

Ta wuce shi ta shiga ɗakin kwana, ni ma na bi ta. Amarya tana zaune a bakin gado, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Inna ta zauna kusa da ita, ta sa yatsa ta janye mayafin. Girarta a tsage take, idon ya kumbura ya rufe, leɓenta na ƙasa ya fashe.

"'Yata, haɓo ne?"

"Haka ya ce in ce."

"Ban tambaye ki abin da ya ce ba."

Amarya ta sunkuyar da kai. "Mari ne, Inna. Sai ya ture ni, na bugu da bakin tebur."

"Yau ya fara?"

Ta girgiza kai. Can ta ce, a hankali, "Na baya ni nake wankewa kafin ya bushe. Da ruwan sanyi, yadda kika koya mini. Na yau ne na kasa tashi."

Ban taɓa ganin fuskar Inna ta yi abin da ta yi a lokacin ba. Ta daɗe tana kallon hannuwanta. Sannan ta ce, "Wannan fa? Kina so in wanke? Ke za ki faɗa, ba shi ba."

Amarya ta ɗago ta dube ta da ido ɗayan. "Na gaji da wanki, Inna."

Inna ta dafa gado ta miƙe. Da muka dawo falo ta ce da ni, "Auta, cika tanki ki jona."

Na tsaya ina kallonta. Duk wanda ya taɓa zama kusa da Inna tana aiki ya san ba a taɓa jini da zafi. Ruwan sanyi da ɗan sabulu ne maganinsa. Tururi dafa shi yake yi, kamar ƙwai a kasko, ya kama zaren kafet ya zauna har abada.

"Inna, tururi fa?"

"Na ce ki jona."

Na jona. Yaya bai san komai a kan wannan ba, tunda bai taɓa tsayawa ya ga yadda ake yi ba. Da ya ji Jirgi ya fara huci har ajiyar zuciya ya yi, ya koma bakin taga yana leƙen titi. Inna ta durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, ta ɗora bakin mesa a kan jinin, ta danna. Ba ta yi gaggawa ba. Ta bi shi daga gefe zuwa tsakiya, a tsanake, kamar aikin da ake son a yaba. Jan ya koma ruwan ƙasa, ruwan ƙasan ya yi duhu. Wani ƙarni ya cika falon. Da ta gama da babban sai ta ja gwiwa ta bi ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya har bakin kicin, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Yaya ya juyo. "Inna, ai kamar ƙara baƙi yake yi."

"Eh."

"In ya bushe zai fita?"

Ta kashe injin. "Ba zai fita ba. Yanzu ko ni ba zan iya fitar da shi ba."

Sai da ya ɗan jima kafin maganar ta shige shi. Da ta shige shi kuwa, ya yi kan kafet ɗin yana neman ɓamɓare shi daga jikin bango, gam ya ƙi saki. Ya koma ya kama doguwar kujera zai jawo ta ya rufe wurin. Inna ta zauna daɓas a ƙasa gefen tabon, ta miƙe ƙafafu.

"Jawo," ta ce. "Sai dai ka ɗora a kaina. Ai ka saba ture mace."

Ya saki kujerar. Ya yi roƙo, ya yi rantsuwa cewa tsautsayi ne, ya ce sharrin zuciya ne, ya ce ba zai sake ba. Ya juyo kaina ya ce in sa baki. Ni kuwa raina ya gama ɓaci, ji nake kamar in shaƙe shi, amma kuma ɗan'uwana ne, kuma na ga tsoro a idonsa irin wanda ban gani ba tun muna yara. Na tausaya masa, na ji haushin kaina da na tausaya.

A nan baban Amarya ya same mu. Dattijo ne siriri, tsohon direban bas, ba shi da hayaniya. Ya yi sallama ya shigo, Yaya ya zube ya gaishe shi, ya fara jero zancen haɓo da zafin gari. Dattijon bai katse shi ba. Idonsa yana kan kafet, ya bi ɗigon nan da kallo har kicin, ya dawo. Sannan ya dubi Inna da ke zaune a ƙasa.

"Hajiya, ke ce babba a nan. Me ya faru?"

"Malam, ba haɓo ba ne," in ji Inna, da muryar nan tata da ake ji har ƙasan bene. "Jinin 'yarka ne, ɗana ne ya zubar da shi. Kuma ba yau ya fara ba. Ban sani ba sai yau, Allah ne shaidata, amma yanzu na sani. Tana ciki. Ka ɗauke ta, Auta za ta kai ku asibiti tukuna."

Dattijon ya cire hularsa ya shafa kai ya mayar. Ya shiga ya fito da 'yarsa yana riƙe da hannunta, ni kuma na zuba mata kaya a jaka. Da za su wuce Amarya ta tsaya a kan Inna. Inna ta ce, "Je ki, 'yata. Kar ki waiwayo."

Na kai su mota na dawo ɗaukar Jirgi. Na tarar Inna tana naɗe waya, Yaya yana tsaye a kanta da jajayen idanu.

"Inna, ni kika haifa ko ita?"

"Kai na haifa," ta ce. "Da ɗan wani ne, da na naɗe mesata na yi tafiyata."

A matattakala ta ƙi yarda in riƙe ta. Sai da muka sauke su Amarya a asibiti, muka rage mu biyu a mota, sannan ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar da Baba ya rasu. Na kashe mota na jira. Da ta gama ta share fuska da gefen mayafi ta ce in tuƙa, akwai kujerun da ta yi alkawarin wankewa kafin magariba.

Amarya ba ta koma ba. Yaya ya tashi daga benen, kuma har yau bai taka gidan Inna ba. Dangi sun yi ta maganganu, wai uwa ba ta tona asirin ɗanta, wai da ta rufa a gyara a cikin gida. Ba ta amsa wa kowa ba, kuma ba ta aika a kira shi ba. Na dai lura in an taɓa ƙofa takan ɗago kai da sauri, sannan ta mayar. Amma ko sau ɗaya ban ji ta ce da ta sani ba.