Inda Tambirasa Ke Kashe Inji

Shekara goma sha biyu ina aiki da Tambirasa, amma in aka tattara duk maganar da ya taɓa yi mini ba za ta cika shafi biyu ba. Ni kuwa magana ce sana'ata. Na koyar da tarihi a wata sakandare nan Trincomalee, a gabashin Sri Lanka, har na yi ritaya, sannan na koma jagoran baƙi masu zuwa ganin wuraren da aka yi yaƙi. Sunana Lafir, sai dai na manta rabon da wani ya kira ni da shi. Kowa Masta yake ce mini, har matata in ta ji haushina.

Baƙin namu a watan Afrilu suke zuwa, lokacin da teku ke kwance, rana kuma ba ta ragawa kowa. Yawancinsu tsofaffi ne daga Ingila da Ostireliya, da manyan malafuna da jan wuya, wani tsohon soja da muke kira Manjo yana gaba riƙe da taswira. Da safe in kai su tsohuwar ganuwa, su shagala da ɗaukar hoton barewar da ke yawo a ciki su manta da igwa. Daga nan sai maƙabartar yaƙi, inda ciyawa ta fi ta kowane gida a garin samun ruwa, sai tankunan mai da jiragen saman Japan suka kai wa hari a 1942. Su yi ta share hawaye kan yaƙin da ya wuce shekara tamanin, bas kuma ta bi da su ta gaban bangayen da harsashin namu yaƙin na basasa ya huda, ba mai tambaya. Da farko abin yana ƙona mini rai. Yanzu na saba, amma in na ce ya daina yi mini ciwo na yi ƙarya.

Bayan azahar sai teku, wannan kuwa aikin Tambirasa ne. Yana da jirgi mai rumfar tamfol da ke ɗaukar mutum ashirin. Babban jirgin yaƙin Ingila da baƙin ke zuwa tunawa da mutanensa can kudu ya nutse, da nisa sosai, ba tafiyar tsofaffi ba ce. Saboda haka mukan fita da su bakin tashar jiragen ruwa ne kawai, a kashe inji, Manjo ya karanta sunayen matattu, a jefa furanni da aka saƙa zagaye kamar gammo. Ban taɓa ce musu nan ne jirgin ya nutse ba, ban kuma taɓa ce musu ba nan ba ne. Tambirasa ke zaɓar wurin tsayawa, kuma kullum wuri ɗaya ne. Yakan waiwaya sai ya ga hasumiyar haikalin da ke kan dutse ta daidaita da wani tsagin tsauni, yadda masunta ke gane wuri a ruwa, sannan ya kashe inji. Ni dai na ɗauka wurin ya fi kwanciyar ruwa ne.

A unguwar masunta aka haife shi, ya bar makaranta a aji uku ya bi ubansa teku. Dogo ne, baƙi, siriri, zaninsa kullum a naɗe zuwa gwiwa, bakinsa ja da ganyen da ake taunawa a nan kamar goro. Ya girme ni da shekara bakwai, don haka Annai nake ce masa, wato yaya. In na kawo masa shayi a bakin gaɓa nakan tsokane shi.

"Annai, wai bakin nan naka don taunar ganye kawai aka yi shi?"

"Masta, ka yi taka ka yi tawa, me ya rage in faɗa?"

Ya auri Pakkiyam yana saurayi, suka haifi biyu, Kugan da ƙanwarsa Komala. A shekarar 1993, ana tsakiyar yaƙinmu, Kugan ya fita kamun kifi da sassafe a ƙaramin kwalekwale, yana ɗan shekara goma sha tara, bai dawo ba. A lokacin masu bindiga a teku sun kusa fin kifi yawa, kowane ɓangare da nasa jiragen, kuma ba wanda ya ce shi ne. Ni ina gudun hijira da iyalina a tsakiyar ƙasa, sai da na dawo na ji labarin, a dunƙule, kamar yadda ake jin irinsa. A garinmu ba a tonon irin wannan zance, don kusan kowane gida da nasa.

Iyayen sun yi yawo da hoton yaron daga ofis zuwa ofis, daga sansani zuwa sansani, har takalma suka ƙare. Daga baya suka rataye hoton a bangon ɗaki. Su Tambirasa 'yan Hindu ne, a wurinsu kuma hoton mamaci kaɗai ake rataya wa sarƙar furanni. Na mai rai, ko da wasa ba a sa masa, kamar ka yi masa fatan mutuwa ne. Da aka cika shekara, 'yar'uwar Pakkiyam ta zo da sarƙar furanni don ta taya su haƙuri. Pakkiyam ta fizge ta jefa waje, suka yi shekara shida ba sa ga maciji.

Pakkiyam ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Na je gaisuwa, na kuma koma sau da yawa bayan nan, don gidan ya yi shiru irin wanda ke sa mutum ya rage murya ba tare da an ce masa ba. Hotuna biyu ne a bangon yanzu. Nata da furanni, duk Juma'a Tambirasa yana sake sababbi. Na yaron a gefe, ba komai sai gilashi da aka goge tas. Ya daina girki, a shagon bakin hanya yake cin shinkafa da miyar kifi a tsaye, ya koma gida ya zauna a dandamali yana gyaran ragar da ba ta yage ba. Komala tana Kanada da mijinta. Duk Lahadi sai ta kira, kuma zancen ɗaya ne: ya je maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Kanniya ya yi wa yayanta addu'ar matattu, ya kulle gida ya zo wurinta ya ga jikokinsa. Na taɓa jin amsarsa da kunnena. "In ya dawo ya tarar da kwaɗo a ƙofa fa?"

A Afrilun bara akwai wata tsohuwa cikin baƙin, Madam Doreen, 'yar shekara tamanin, da sanda. Ubanta ma'aikacin ɗakin inji ne a jirgin da ya nutse, ita kuwa tana cikin uwarta lokacin, ba su taɓa ganin juna ba. Ita kaɗai ta zo, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa. Ba ta cika magana da sauran ba, ba ta kuma ɗauki hoton barewa ba, abin da ya sa na ji ta kwanta mini. Manjo ya ce bana ita za ta jefa furannin. Tun daga masauki ta ɗora gammon a cinyarta, jajayen furanni ne sababbi, ta ƙi bari kowa ya riƙe mata. Da muka shiga jirgi aka zaunar da ita can baya kusa da inji, inda girgiza ta fi sauƙi.

Muka fita. Tambirasa ya waiwaya, ya daidaita hasumiya da tsauni, ya kashe inji. Maza suka cire malafuna. Manjo ya karanta sunaye da muryarsa ta fareti, ya kai kan sunan ubanta, ya ɗaga kai ya dube ta. Ta yunƙura za ta tashi, gwiwa ta ƙi. Ta sake yunƙurawa, jirgi ya ɗan karkata, ta koma ta zauna. Sai ta juya ga wanda ya fi kusa da ita, ta miƙa wa Tambirasa furannin da hannu biyu, tana nuna masa ruwa da haɓarta.

Tambirasa ya mai da hannayensa baya.

Ta ɗauka bai gane ba, ta ƙara miƙawa. Ya ja da baya har ya jingina da inji. Mutum ashirin suna kallo, Manjo ya haɗe gira yana dubana kamar ni na yi laifin. Ni kuwa ina da saurin fushi, kowa ya sani. Na taka zuwa baya, na yi masa magana da harshenmu, ina murmushi don baƙi, haƙorana a cije.

"Annai, karɓi mana! Tsohuwa na miƙo maka abu ka tsaya kamar turke?"

"Ba a nan ba, Masta."

"Ba a nan ba? To wa ke kawo mu nan shekara goma sha ɗaya, aljani?"

"Su su jefa. Kai ma jefa in kana so. Ban da hannuna."

"Haba Annai! Yau ka ga damar yin magana, shi ne za ka kunyata ni gaban mutane? Furen cizo yake?"

Bai dube ni ba, ruwa yake kallo. Ya ce, "Nan na tsinci kwalekwalen Kugan. Raga na ciki, filafili na ciki. Ko ƙunshin abincinsa bai kwance ba."

Murmushin ya bushe a fuskata. Shekara goma sha ɗaya ina tsaye a jirgin nan ina zuba wa Turawa tarihi, da ranaku da adadin jirage, ban san a kan me nake tsaye ba. Duk Afrilu mutumin nan yana kawo wa wurin nan shiru da addu'a da furanni ta hannun baƙi, waɗanda nasu mamacin suke yi wa, don haka ba ruwansa. In kuwa ya jefa da hannunsa, ya binne ɗansa ke nan. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba tun ina yaro.

Madam Doreen ta taɓa hannuna ta ce, "Me ya ce?"

Na yi niyyar in ce mata addininsa ne ya hana, a wuce wurin. Amma na gaji da rufa-rufa a kan ruwan nan. Na sunkuya na gaya mata gaskiya a taƙaice, yadda sauran ba za su ji ba. Ta mai da furannin cinyarta. Can ta ce, "Uwata ma ba ta taɓa yarda ubana ya mutu ba. Har ta mutu ba ta bar gidan da ya san ta a ciki ba. Tambaye shi, ina ne zai iya?"

Na tambaye shi. Sai kawai ya ja igiyar inji. Manjo ya fara tambayar me ke faruwa, na ce masa ya zauna kada ya faɗa ruwa. Muka nausa kudu kamar minti goma sha biyar, har haikalin ya zama ɗan ƙarami a bayanmu, sannan ya kashe inji. Ya goge hannayensa a zani, ya karɓi gammon da hannu biyu.

"Masta, yaya sunan uban nata?"

"Albert."

"Alabat," in ji shi. Ya kai furannin goshinsa, ya yi raɗar abin da masu addininsa ke faɗa, sannan ya durƙusa a gefen jirgi. Bai jefa ba, ya miƙa hannu ya ajiye su a kan ruwa a hankali. Tsohuwar ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa. Wata mata ta matso ta riƙe ta.

Aka yi shirun minti biyu da aka saba. Maza suka mai da malafuna, Manjo ya duba agogo ya ce da ni za mu iya komawa. Tambirasa bai motsa ba. Na bi idonsa da kallo. Gammon ya rabu da jikin jirgi, yana tafiya sannu-sannu, ba kudu ba, arewa, ta hanyar da muka fito. Mutumin da ya shekara sittin a tekun nan ba ya buƙatar a gaya masa inda ruwan Afrilu ke nufa.

Na zauna kusa da shi a kan katako.

"Annai, ka san inda ruwan nan zai kai su."

"Na sani."

Muka ci gaba da kallo har jan ya zama ɗigo, yana ɓacewa yana bayyana tsakanin igiyoyin ruwa. Hawaye na bin kumatunsa, bai share ba, bai kuma ɓoye ba. Tausayinsa ya cika mini ciki, na rasa inda zan sa kaina.

"Masta," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "A kan idonka aka yi. Na uban tsohuwa ne, a nan na ajiye. Ban kai can ba."

"Ba ka kai ba, Annai."

"Ruwa ne ya kai."

"Ruwa ne."

Ya kama hannuna ya matse har na ji zafi. "In Kugan ya dawo ya tambaya, kai ne shaidata."

Na ce masa ni ne.